Agogon Marigayi Ladan

Akwai wani gwangwanin Milo a kan tagar ɗakina a Saboba inda nake tara tarkacen agogo: matattun batura, tsinkakkun maɗaurai, da ƙananan kusoshin da in ɗaya ta faɗi ƙasa sai dai a haƙura da ita. A cikin tarkacen nan wani abu ya shekara naɗe a guntuwar takarda, girmansa bai fi murfin kwalbar lemo ba. Injin agogon wani bawan Allah ne da ya riga mu gidan gaskiya. Na cire shi ban tambayi magajinsa ba, na sa wani a gurbinsa, aka yi mini godiya har da addu'a, ni kuma na shafa na ce amin. Tun ranar nake juya maganar a raina, yau kuma na kawo ta gabanku, jama'a: gyara na yi, ko ha'inci?

Ni dai gyaran agogo ba sana'ata ba ce, alli nake riƙewa. Sha'awar ta kama ni ne a shekarun dumso, lokacin da wutar lantarki ta zama baƙuwa a Gana, waya ta mutu tun la'asar, mutum ya kwana bai san ƙarfe nawa ba. Na tono wani tsohon Casio da na yar a akwati tun ina kwaleji, na kai shi Yendi ranar kasuwa, wurin wani dattijo mai ɗan tebur da akwatin gilashi. Daga nan duk ranar da kasuwa ta faɗo a Asabar ko Lahadi sai in hau mota in je in zauna kusa da shi, in dai ruwa bai shafe hanya ba, don wanda ya san Saboba ya san idan damina ta yi nisa, kogin Oti da rassansa suka cika, garin kan koma kamar tsibiri. Dattijon nan gwanintarsa a agogon da ne, mai haƙora a ciki, wanda ake wanawa. Namu na lamba kuwa agogon roba yake ce masa, yana gyara shi yana taɓe baki. Amma yana da wata ɗabi'a. Duk abin da ya cire daga agogon mutum, ko mataccen batir ne, sai ya naɗe shi a takarda ya damƙa wa mai shi tare da agogon. Na taɓa ce masa, "Baba, wannan ai shara ce." Ya ce, "Sharar tasa ce, ɗana, ba tawa ba." Na yi dariya, na ɗauka tsufa ne kawai.

Agogon da muke magana a kansa kowa ya san shi ko da bai san sunansa ba: baƙi, siriri, mai maɓalli uku, da shuɗin layi kewaye da fuskarsa. Casio F-91W ke nan, wanda kamfanin Casio na Japan ya fitar a 1989, kuma har yau bai daina ƙera shi ba, bai kuma sake masa kama ba. Nauyinsa giram 21. Batir ɗaya yake ci, CR2016, wanda kamfanin ya ce yana kai shekara bakwai, kuskurensa kuma ba ya wuce daƙiƙa 30 a wata. Fitilarsa rarrauna ce, gefe ɗaya take haskawa. Kalandarsa ba ta san shekara ba, kullum Fabrairu kwana 28 ce a wurinta, sai ka gyara da hannu duk shekara huɗu. Idan ka kwance kusoshi huɗun da ke baya ka ɗaga murfin ƙarfe, za ka tarar da injin, lambarsa 593. A cikinsa akwai wani ɗan dutse da ake kira kwaz, an yanka shi kamar 'yar gwafa, wanda idan wuta ta taɓa shi yake karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa guda. Ba haka kawai aka zaɓi adadin ba. In ka raba shi biyu, ka sake rabawa, har sau goma sha biyar, ɗaya zai rage, ɗayan nan shi ne daƙiƙar da kake gani tana tsalle a gilashi. Kamfanin Seiko ne ya fara kawo wannan dabara kasuwa a agogon hannu a ƙarshen 1969, a kan kuɗin da ya kai na ƙaramar mota. Shekara ashirin bayan nan ta sauko har hannun manomin doya.

Ciwonsa ba shi da yawa. Maɗauri ya tsinke, don roba ba ta jure ranar arewa. Batir ya mutu. Ko sandunan lamba su fara ɓacewa, takwas ta koma tara, ko ta koma sifili, wanda galibi datti ne a kan wata 'yar roba mai zane-zane da ke haɗa gilashi da allon wuta, auduga da sifirit sun isa. Idan an sa sabon batir kuma sai an ɗauki hantsaki an haɗa shi da wani ɗan wuri da aka rubuta AC, injin ya farka kamar yau aka haife shi. Duk abin da mai shi ya sa a ciki, lokaci ne ko ƙararrawa, ba ya dawowa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu bukace shi a gaba.

Bayan gyara akwai kwaskwarima, ita ce kuma ke ɗauke hankalin masu sha'awar nan a intanet. Wasu kan ɓare siririyar ledar da ke tace haske a kan gilashin, su manna wata a gicciye, lambobi su koma farare a kan baƙar fuska. Wasu kan cire fitila su sa mai launin da suke so. Wasu kan cika cikin agogon da man silikon don ya ƙara jure ruwa. Wani Ba'amurke mai suna Joey Castillo ma ya ƙera sabon allon wuta ɗungurum, Sensor Watch, wanda ke shiga daidai cikin gidan F-91W, ya riƙa auna zafi yana faɗin lokacin fitowar rana da yanayin wata. Ni ma na juya ledar nawa, ya yi kyau a hoto, amma da magariba ta yi ba na ganin komai. Ban kai ƙara ko'ina ba, tunda nawa ne, ni na ɓata shi, ni zan sha da shi. A nan babu tambayar da za ta hana mutum barci. Haka ma batun jabu, wanda ya cika tebura daga Tamale har Bawku. In ka danne maɓallin dama na ɗan lokaci, na asali zai rubuta sunan kamfanin a fuskarsa, jabu da yawa ba sa iyawa. Wanda ya cusa injin jabu a gidan na asali ya sayar, wannan algus ne tsagwaro, ba ya bukatar maƙala. Nawa lamarin ya fi wannan santsi, don ni alheri na nufa.

Mai agogon ladanin ƙaramin masallacin unguwarmu ne. Asalin gidansu Salaga, kakanninsu fataken goro ne da suka biyo hanyar Gwanja daga Kano. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar garin, wasu suka gangara Kete-Krachi, nasu suka nufo Yendi, daga baya reshe ɗaya ya zauna a Saboba cikin Konkomba. Shekaru da yawa agogon nan ne ke tada shi kiran farko, kuma duk unguwa an san yana sa shi gaba da minti biyar, wai gara ya jira lokaci da lokaci ya jira shi. Da Allah ya yi masa rasuwa aka raba ɗan abin da ya bari, agogon ya faɗa hannun babban ɗansa, mai fataucin doya zuwa Akra. Ya girme ni da 'yan shekaru, Yaya nake ce masa, shi kuma Ticha. Agogon ya yi damina biyu a akwati kafin ya kawo mini. Ya ce, "Ticha, ka taimaka ka tada mini shi. Ba don lokaci ba, waya ma tana da lokaci." Ya ce nan da kwana uku zai yi lodi.

Da na buɗe, na ga robar da ke hana ruwa shiga ta bushe ta tsage, danshi ya shiga, koriyar tsatsa ta ci ƙafafun batir ta gangara kan allo. Dare biyu ina gogewa, gilashi ko ƙyaftawa bai yi ba. A gwangwanina kuwa akwai wani F-91W mai fasasshen gida da na saya a gwanjo, injinsa lafiya lau. A dare na uku na ciro shi na sa a gidan na ladan. Aikin bai ci minti biyar ba. Da safe Yaya ya zo, ya ce, "Ya tashi?" Na ce, "Ya tashi." Na sa ƙararrawa ta buga a gabansa. Namiji ne mai gemu, direbobi na shakkarsa a tasha, amma sai da ya kau da kai ya goge ido da hannun riga. Ya ce, "Wallahi kukan nan ne ke tada gidanmu." Ya miƙo kuɗi na ƙi karɓa, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya tafi.

Hujjojin da na ba kaina ba na banza ba ne, shi ya sa suka riƙe ni shekara guda. Na farko, ban faɗi ƙarya ba, ya tambaya ko ya tashi, ya kuwa tashi. Sannan injin nan irinsa miliyoyi ne, ba hannun mutum ya sassaƙa shi ba balle a ce wannan ya fi wancan. Abin da marigayi ya sa a ciki da yatsansa, minti biyar ɗin nan da lokacin ƙararrawa, ya tafi tun ranar da batir ya mutu, ko da tsohon injin ya tashi ba zai tuna da su ba. Abin da ya taɓa jikinsa, ya sha guminsa da ruwan alwalarsa, ya ɗauki ƙarce da tabo, gidan roba ne da murfin baya, su kuma suna nan. Har na samo wata hujjar da ta fi burge ni: a wannan agogo, faifan da ke fitar da kuka ba a jikin inji yake ba, a manne yake a cikin murfin baya, inji taɓa shi kawai yake da wani siririn ƙarfe. Wato kukan da ya sa Yaya hawaye daga bakin agogon mahaifinsa ya fito. Kai, ranar da na gano wannan har wani alfahari na ji.

Masu falsafa sun daɗe da sanin wannan rami. Plutarch, marubucin Girka, ya ba da labarin jirgin ruwan wani gwarzo, Theseus, wanda mutanen Atina suka adana shekaru aru-aru, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu, wasu su ce jirgin ne dai, wasu su ce wani ne daban. A 1655 Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara wa miyar gishiri. Ya ce a ɗauka wani mutum yana bi yana tsince tsofaffin katakan da aka yar, daga baya ya harhaɗa su suka zama jirgi, to wanne ne na Theseus a cikin biyun? Na karanta wannan a kwaleji na ɗauke shi wasan ƙwaƙwalwa na waɗanda suka ƙoshi. Sai ga shi a dogon hutu, ban da abin yi, na ciro tsohon injin daga takarda, na bi tsatsar a hankali da tsinken allura, na gano siririyar hanyar wuta ɗaya da ta yanke, na ɗinke ta da gashin waya da ɗigon dalma. Na sa batir, na taɓa AC. Lambobi suka fito, sanda ɗaya ce kawai a lambar ƙarshe ta ƙi. Na sa shi a wani gida da nake da shi don in ga ko zai riƙe lokaci, ya riƙe. Na zauna ina kallonsa a tafin hannuna, jikina ya yi sanyi. Ga jirgin Hobbes a ɗakina, ɗayan kuma yana hanyar Akra a saman doya.

Daga nan hujjojina suka fara zubewa, ta inda ban zata ba. Na fara komawa ga abin da muka karanta a zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana ɓoye aibi a ciniki da gauraya mai kyau da maras kyau, kuma kakannin Yaya sun san wannan hukunci a aikace, don duk fataucin Salaga a kan amana ya tsaya: huhun goro da zai yi watanni a hanya kafin ya isa Kano, in aka sa na kirki a sama ruɓaɓɓe a ƙasa, sunan gida ne zai ruɓe tare da shi. Sai na ce ai ni ba ciniki na yi ba, ko pesewa ban karɓa ba, kuma abin da na sa ya fi abin da na cire lafiya. Amma littafin nan dai ya ɗora wa mai sana'ar hannu lamunin kayan da aka ba shi ya shiga da su inda mai su ba ya gani, ko da lada ya yi aikin ko kyauta. Malaman Malikiyya sun lura da wani abu game da irin aikinmu: mai kaya yana miƙawa ne ya juya baya, daga nan sai abin da aka gaya masa. Ƙin karɓar kuɗi bai cire ni daga wannan ba. In ma an bi ta barauniyar hanya, ƙin karɓar ya ƙara rufe bakin Yaya ne, don wa zai tsaya yi wa mai kyauta tambayoyi?

Amma ko wannan bai kai ga inda ƙayar take ba. Ƙayar tana cikin tambayar Plutarch ɗin kanta. Na daɗe ina neman amsarta a cikin agogon, ina auna roba da ƙarfe da dutse, kamar akwai wani ɓangare da in aka gano shi za a ce ga inda ladan yake. Babu shi. A 2011 takardun sojan Amurka da WikiLeaks ta fallasa sun nuna cewa masu tuhumar fursunonin Guantanamo suna ɗaukar mallakar F-91W a matsayin alamar an koya wa mutum haɗa bam. Agogo ɗaya, inji ɗaya mai lamba 593, a can hujjar tsare mutum, a unguwarmu abin tada ladan. Roba ba ta san ko ɗaya ba. Mutane ne ke ɗora wa abu ma'ana, kuma ba kowa ke da ikon ɗorawa a kan kowane abu ba. Ko agogon da aka canza wa inji yana nan a matsayin agogon baba, wannan ba ilimin lantarki ba ne da zan ce na fi Yaya sani. Hukunci ne, kuma mai yanke shi shi ne wanda ya yi rashin, wanda gadon ya faɗa hannunsa. Yana iya cewa a canza, ba komai. Yana iya cewa a bar shi a mace, zan ajiye shi haka. Duk wanda ya zaɓa daidai ne, tunda nasa ne. Ni kuwa na zaɓa masa, sannan na ɓoye cewa akwai ma zaɓi.

Da na tono dalilin ɓoyewar, abin da na tarar bai yi mini daɗi ba. Na ce tausayi ne, kada in ɓata masa rai. Amma a ƙarƙashin tausayin akwai raini. Na ɗauka mai fataucin doya ba zai gane cewa inji duk ɗaya ne ba, zai riƙe abin da ni mai karatun boko na san camfi ne, don haka gara in lallaɓa shi kamar yaro. Akwai kuma kunya, kada a ce Ticha ya kasa. Irin wannan alheri muna yin sa da yawa, mu da muka iya wani abu da wasu ba su iya ba. Makaniki ya yi, ma'aikacin asibiti ya yi, mu malamai mun fi kowa, mu yanke wa iyaye hukunci a kan 'ya'yansu mu ce ai ba za su fahimta ba. Ko gini bai tsira ba. Tsohon masallacin Larabanga na laka, a shekarun 1970 aka yaɓe shi da siminti da nufin kare shi, simintin ya kulle danshi a cikin bango ya riƙa cin ginin ta ciki, sai da aka zo daga baya aka ɓamɓare shi aka koma yaɓen ƙasa irin na da. Ba mugunta ta kawo simintin ba. Gyaran gangar Auzinawa galibi da kyakkyawar niyya ake fara shi.

Akwai mai cewa, kuma wani abokin aikina ya faɗa mini haka ƙarara, to yanzu in ka gaya masa wa ka amfana? Mutum yana cikin farin cikinsa, yana jin kukan agogon mahaifinsa kowace asuba, kai kuma don ka sauke nauyin da ke ƙirjinka za ka je ka ɗora masa. Wannan ma son kai ne, ya sa rigar gaskiya kawai. Ban raina wannan magana ba, har yanzu ma ina ganin akwai gaskiya a cikinta. Ba kowace gaskiya ce ake bin mutum da ita har gida ba, kuma akwai masu fallasa da ba su da buri sai a ce su masu gaskiya ne. Da tsohon injin ya mutu murus, wataƙila da na yi shiru har abada, ban sani ba, ba zan yi wa kaina shaidar da ban tabbatar ba. Amma ga shi yana numfashi a ɗakina. Kayan wani ne, na gado, na marayu, yana hannuna ba da saninsu ba. In na ajiye na ci amana, in na yar na ci amana, in na sayar kuwa ba a magana. Duk ƙofar da na duba, ta gaban Yaya take bi.

Na same shi bayan la'asar a ƙofar gida yana lissafi a bayan wani kwali. Muka gaisa, na zauna, na ajiye agogo na biyu a kan tabarma na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya daɗe bai ce uffan ba. Ya kwance na hannunsa ya ajiye kusa da ɗayan, yana duban wannan yana duban wancan.

Ya ce, "Ticha, wato wannan ne cikin na Baba?"

Na ce, "Shi ne, Yaya. Amma gidan da murfin duk nasa ne, su ne suka taɓa jikinsa. Kukan ma daga murfin yake fita."

Ya yi wani ɗan murmushi da ban so ba. Ya ce, "Gidan nan ai ba nasa ba ne."

Sai ya ba ni labarin da ban sani ba, wanda kuma da na yi tambaya ɗaya tun farko da na ji shi. Shekaru kafin rasuwarsa marigayi ya faɗi a kan keke a hanyar gona, gidan agogon ya tsage, gilashin sama ya fashe. Shi Yaya da kansa ya kai shi Yendi, aka ciro injin aka sa a gidan wani matacce, da murfinsa da komai. Maɗauri kuwa an canza ya fi a ƙirga. Abin da ya rage daga agogon da mahaifinsu ya sayo a Kumasi, shekarar da aka haifi autarsu, injin nan ne kaɗai. Kuma tsohon ya san haka, yakan ce riga ce aka canza masa, mutumin yana ciki. Aka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na shekara ina gina hujja a kan murfin da aka sayo a teburin gwanjo.

Na ce, "Ka yafe ni, Yaya."

Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma da ka tambaye ni, Ticha. Da ka ce ya gagara, ai da na ce ka bar shi. Ni ba yaro ba ne."

Bai ƙara a kan haka ba. Ya ce in mayar da kowane inji gidansa, a nan gabansa. Na ce sanda ɗaya ba ta fita a lambar ƙarshe, wataƙila in na ƙara kwana biyu da shi zan shawo kanta. Ya ce a'a, a bar ta haka. Na koma gida na ɗauko sukudireba da hantsaki, na yi aikin a kan tabarmarsa, yara sun kewaye mu. Da na gama na miƙa masa, na kuma naɗe tsohon batir da busasshiyar robar da na cire tun bara a takarda na haɗa masa da su. Ya karɓa ya sa a aljihu bai ce komai ba.

Shi ya saita lokacin da kansa, ya duba wayarsa ya ƙara minti biyar. Da ya zo kan ƙararrawa sai ya tsaya, ya kasa tuna ko huɗu saura kwata tsohon yake sawa ko huɗu daidai. Ya kira ƙanwarsa da ke aure a Bawku. Na ji muryarta ta waya tana cewa saura kwata ne, shi yana cewa wannan na azumi ne, suka yi ta ja har aka kira magariba ba su daidaita ba.

Muna gaisawa har yau, in ya dawo daga Akra yakan aiko wa iyalina da doya kamar da. Watan jiya na ga ɗansa da wani Casio mai sabon maɗauri da sabon batir. Na tambayi yaron inda aka gyara. Ya ce babansa ne ya kai Yendi.